Rediyon ƙaramin jirgin sama: Abin dubawa kafin saye da lokacin girkawa

A tsakiyar hunturu, idan hazo ya sauka a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, matuƙin ƙaramin jirgi kan iso saman gari bai ga ko alamar titin sauka ba. Ƙasa da sama duk sun zama launi guda. Abin da ya rage masa a wannan hali shi ne muryar jami'in hasumiya a kunnensa, da allurar da ke nuna masa ko ya kauce hagu ko dama. Dukkansu biyu daga wasu akwatuna suke fitowa waɗanda faɗinsu bai wuce taƙi guda ba, suna jere a gaban matuƙi.

Tun da jiragen sama suka fara sauka a Kano a shekarar 1925, ƙananan jirage ba su daina aiki a wannan yanki ba. Da su ake koyar da ɗalibai a Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da su ake feshin gonaki da ɗaukar hoton ƙasa da jigilar marasa lafiya, kuma akwai 'yan kasuwa da hukumomin gwamnati da ke mallakarsu ko ɗaukar hayarsu. Yawancin irin waɗannan jirage na hannu ne, an shigo da su daga Amurka ko Turai ko Afirka ta Kudu, sau da yawa da na'urorin da suka girmi matuƙin. Saboda haka ba a daɗewa batun sauya rediyo yake tasowa, kuma wanda zai sa hannu a kan takardar biyan kuɗi ba lallai ne ya kasance injiniya ba. Abin da ya kamata ya sani shi ne akwatin da zai saya rabin aikin ne kawai. Ɗaya rabin yana cikin eriya da wayoyi da takardu.

Rediyon magana da rediyon hanya

Rediyo iri biyu ne a jirgi. Na farko na magana ne, wanda matuƙi ke tattaunawa da hasumiya da sauran jirage ta cikinsa. Yana aiki a kan zangon da ake kira VHF, daga megahaz 118 zuwa 136.975. A cikin wannan zango an ware 121.5 domin kiran gaggawa a duk duniya.

Na biyu na neman hanya ne. Ba a magana da shi, saurare kawai yake yi. Yana kama saƙon tashoshin da aka kafa a ƙasa, daga megahaz 108 zuwa 117.95. Tashar VOR tana gaya wa jirgi ta wace fuska yake daga gare ta, ta yadda matuƙi zai bi layi miƙaƙƙe zuwa filin jirgi ko da bai ga ƙasa ba. Na'urar ILS kuwa ita ce ke riƙo jirgi zuwa bakin titin sauka. Saƙo ɗaya yana daidaita shi da tsakiyar titi, wani kuma yana nuna masa gangara ta kimanin digiri 3. A mataki na farko na wannan tsari, matuƙi na iya gangarowa har ƙafa 200 daga ƙasa kafin ya yanke shawarar sauka ko sake tashi. A Najeriya hukumar NAMA ce ke kula da waɗannan tashoshi, a Nijar kuma ASECNA.

Kamfanoni kan haɗa nau'ikan biyu a akwati guda. KX 155 na kamfanin Bendix/King ya shafe shekaru masu yawa yana cika tsofaffin jirage. Daga cikin na zamani akwai GNC 255 na Garmin, wanda shi ma ya haɗa magana da hanya, da GTN 650 wanda ya ƙara da GPS da taswira. Trig da Becker suna ƙera ƙanana marasa nauyi na magana kawai.

Akwai na'urori biyu da ba a raba su da wannan lissafi. Ɗaya ita ce tiransifonda, wadda ke amsa wa radar ƙasa da lambar jirgi da tsayinsa a sama. Ɗaya kuma ita ce ELT, wadda ke kunna kanta idan jirgi ya faɗi, ta aika da kiran neman ceto.

Ina jirgin zai riƙa zuwa?

Tambayar farko ba ta farashi ba ce. Ita ce: wane aiki jirgin zai yi, a wane yanayi, kuma a sararin samaniyar wace ƙasa? Jirgin da ke feshi da rana tsaka kusa da gona ba ya buƙatar abin da jirgin da ke ɗaukar fasinja daga Abuja zuwa Yola cikin damina yake buƙata. Mai tashi da ganin ido rediyon magana guda da tiransifonda na iya isarsa. Mai shiga gajimare da hazo, wanda ya dogara ga na'urori kaɗai, yana buƙatar abin neman hanya da hukuma ta amince da shi, da kuma madadi idan ɗaya ya mutu. Kashi na 7 na dokokin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, shi ne ya fayyace mafi ƙarancin kayan da ake buƙata ga kowane irin tashi, kuma daga nan ya kamata lissafi ya fara.

Sai batun yawan tashoshi. Tsofaffin rediyoyi suna da tashoshi 360 ko 720. Masu 720 suna tsayawa a 135.975, don haka ba sa kama tashoshin da ke saman wannan. Masu 760 sun rufe zangon gaba ɗaya, da tazarar kilohaz 25 tsakanin tasha da tasha. Da cunkoso ya yi yawa a Turai, sai aka raba kowace tasha gida uku, tazara ta koma kilohaz 8.33, tashoshi suka kai 2,280. Daga 1 ga Janairun 2018 Tarayyar Turai ta wajabta wannan tsari har ga ƙananan jirage. Wannan ya sa aka cire tsofaffin rediyoyi da yawa daga jiragen can, suka shigo kasuwar kayan hannu da araha. Wanda ya saya yana iya amfani da shi inda ba a buƙatar sabon tsarin, amma ranar da jirgin zai je Turai gyara, ko ranar da za a sayar da shi, zai sake biyan kuɗin aikin daga farko.

Rediyon neman hanya yana da tasa matsalar. Gidajen rediyon FM suna watsa shirye-shirye har zuwa megahaz 108, wato bango ɗaya ne tsakaninsu da zangon ILS da VOR. Tasha mai ƙarfi kusa da filin jirgi tana iya karkatar da allurar tsohuwar na'ura ba tare da matuƙi ya lura ba. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta gindaya ma'aunin juriya ga wannan katsalandan. A biranen da gidajen FM ke ƙaruwa kowace shekara, dole mai saye ya tabbatar na'urar ta cika wannan ma'auni.

Ƙarfin rediyo ba ya tsallake doron ƙasa

Masu saye da dama suna zaton rediyo mai wat 16 zai kai nesa sosai fiye da mai wat 10. Gaskiyar ita ce saƙon VHF a miƙe yake tafiya kamar haske, ba ya lanƙwasa ya bi doron ƙasa. Tsayin jirgi a sama shi ne ke yanke nisan. A ƙafa 1,000 saƙo kan kai kimanin kilomita 70. A ƙafa 5,000 ya kai wajen 160, a ƙafa 10,000 kuma ya ɗan haura 220. Tsakanin Zariya da Kano a miƙe bai cika kilomita 150 ba, amma jirgin da ke ƙafa 1,000 a saman Zariya ba zai ji eriyar da ke Kano ba ko da wane irin rediyo ya ɗauka. Sai ya ƙara hawa. Ƙarin wat yana taimakawa wajen tsabtar murya a ƙarshen zango, ba ya ƙara wa zangon tsawo.

Inda tashoshin ƙasa suka yi nisa da juna, kamar hanyoyin da suka ratsa Sahara, manyan jirage na amfani da rediyon HF, wanda saƙonsa ke dukan saman sararin samaniya ya dawo ƙasa. Yana da nauyi, yana son doguwar eriya, kuma ba kowane ƙaramin jirgi ne ke iya ɗaukarsa ba. Wanda zai riƙa bin irin waɗannan hanyoyi ya sa wannan a lissafi tun farko.

GPS ya sauƙaƙa neman hanya ƙwarai, har wasu na ganin VOR ya zama tsohon yayi. Sai dai saƙon tauraron ɗan'adam rarrauna ne idan ya iso ƙasa, kuma an sha samun rahoton toshe shi ko ruɗar da shi a yankunan da ake yaƙi. GPS na jirgi kuma yana da kuɗin da ba ya ƙarewa, domin bayanan filaye da hanyoyi ana sabunta su duk kwana 28, kuma biya ake yi. Shi ya sa gogaggun matuƙa suka fi son hanyoyi biyu da ba su dogara da juna ba: ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa.

Takardar da ke bin akwati

Araha ba ta ado, kuma a wannan kasuwa tana iya hana jirgi tashi. Ana sayar da rediyoyi iri biyu masu kama da juna. Akwai waɗanda suka cika ma'aunin TSO na hukumar FAA ta Amurka ko takwaransa na hukumar EASA ta Turai. Akwai kuma waɗanda aka yi domin jiragen da mutane ke haɗawa da kansu a gida. Na biyun sun fi sauƙin kuɗi, amma ba a girka su haka kawai a jirgin da ke da takardar shaidar lafiya ta yau da kullum.

Na'ura sabuwa ko wadda aka gyara tana zuwa da takardar da ke nuna asalinta da lafiyarta, wato fom mai lamba 8130-3 daga Amurka ko fom na 1 na EASA. Akwatin da ba shi da irin wannan shaida, injiniya mai lasisi ba zai sa hannu a kansa ba, ko da yana aiki garau. Mai shigo da kaya ya tambayi takardar kafin ya tambayi farashi. Ya kuma tambaya ko kamfanin da ya ƙera na'urar yana gyara ta har yanzu, domin akwai tsofaffin nau'ikan da allonsu idan ya mutu ba a samun madadinsa.

Wutar jirgin ma abin dubawa ce. Wasu jirage bolt 14 suke amfani da shi, wasu 28. Cessna 172, wanda ya fi kowane jirgi yawa a tarihi, ya koma bolt 28 daga ƙirar 1978. KX 155 yana da nau'in kowanne daban, kuma wanda ya sayo ba daidai ba ya yi asara. Yawancin sababbin na'urori suna karɓar duka biyun.

Inda aikin gaske yake

Girka rediyo a jirgi ba aikin mai gyaran wutar mota ba ne, kome ƙwarewarsa. Doka ta ɗora shi a kan injiniya mai lasisin na'urorin lantarki na jirgi, a ma'aikatar gyara da hukuma ta amince da ita, bisa zanen da aka amince da shi ga wannan nau'in jirgi.

Kafin a kwance ko da kusa guda, ana lissafa wutar da dukkan na'urori ke ja a haɗe. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada abin da ake ja a kai a kai ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin altaneta, don batir ya samu rarar da zai cika. Kowane rediyo yana samun makatsar wutarsa, ta yadda idan ɗaya ya ƙone ba zai tafi da ɗan'uwansa ba. Ana kuma sa makunni guda da ke raba na'urorin da wuta lokacin tayar da inji, domin fizgar wutar wannan lokaci tana lalata su.

Wayoyin na musamman ne, masu rufin da ke jure zafi kuma ba ya fitar da hayaƙi mai yawa idan ya ƙone. Wayoyin murya suna da sulke na ƙarfe, kuma a wuri ɗaya ake haɗa sulken da jikin jirgi. Idan aka haɗa shi a wurare barkatai, sai a riƙa jin kukan altaneta ko tartsatsin fulogi a kunne. Yawancin ƙorafin da ake kai wa makanikai cewa rediyo ya lalace, idan aka bincika sai a tarar laifin na waya ne ko mahaɗi ko eriya.

Zafi ma abokin gaba ne. Jirgin da ya wuni a fili a Maiduguri cikin watan Afrilu, inda zafin inuwa ke haura digiri 40, cikinsa kan zama kamar tanda. Rediyoyin kuma a jere suke, wani a kan wani, kowanne yana dumama na samansa. Ƙaramar fanka a bayansu ba ta da tsada, amma tana ƙara musu kwana. Ƙurar hunturu kan shiga mahaɗai, don haka ana duba su a kai a kai.

Eriya ita ce bakin rediyo, ita ce kuma kunnensa. Ta magana sanda ce mai tsawon kimanin santimita 60, kuma ba ta aiki ita kaɗai. Fatar ƙarfen jirgin da ke ƙarƙashinta ita ce rabinta na biyu. Shi ya sa ake kankare fenti a gindinta don ƙarfe ya taɓa ƙarfe, a ƙarfafa wurin da faranti daga ciki, sannan a toshe kewayen don kada ruwa ya shiga ya kawo tsatsa. Jirgin da jikinsa na yadi ne ko na zaren gilashi sai an shimfiɗa masa farantin ƙarfe ko ragar tagulla a ƙarƙashin eriyar.

Kowace eriya da mazauninta. Ta GPS a saman jirgi take, inda ba abin da zai tare mata sama. Ta tiransifonda gajeriya ce, a ciki take, tana duban ƙasa. Ta VOR mai siffar harafin V ce, galibi a kan wutsiya. Idan rediyon magana biyu ne, ana nisanta eriyoyinsu da aƙalla kimanin mita guda, ko a sa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kebul ɗin da ke haɗa eriya da rediyo mai om 50 ne, kuma a yau an fi son nau'in RG-400 mai sulke biyu a kan tsohon RG-58. Kebul ɗin tauraron ɗan'adam na gida om 75 ne. Yana kama da shi a ido, amma ba ya dacewa. Sabon rediyo a kan tsohon kebul da ya sha rana shekara talatin kuɗi ne aka zubar.

Gwaji kafin a tashi

Bayan an gama haɗawa, ana auna yawan saƙon da eriya ke fitarwa da wanda take mayarwa cikin rediyo. Ana kunna kowace na'ura inji yana aiki, a ga ko wata na damun wata. Akwai tashoshin magana kamar 121.175 da 131.275 waɗanda ninkinsu ke faɗawa dab da megahaz 1575.42 da GPS ke aiki a kai, don haka ana yin magana a kansu ana kallon ko GPS zai ɗauke. Ana sake daidaita kamfas, domin sabon ƙarfe da sabuwar wuta kusa da shi suna karkatar da allurarsa. Ana sabunta lissafin nauyin jirgi da daidaitonsa, a rubuta komai a littafin jirgi, sannan injiniya ya sa hannu. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta kuma tanadi cewa jirgin da ke ƙetare iyaka ya riƙe lasisin rediyonsa daga ƙasar da ta yi masa rajista.

Ana gwada maɓallin magana ma. A tashar jirage mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda. Idan biyu suka danna tare, sai saƙon ya zama ƙara. Hakan na daga cikin abubuwan da suka haɗu a tsibirin Tenerife ranar 27 ga Maris, 1977, lokacin da jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Maɓallin da ya maƙale a ƙaramin jirgi guda yana iya toshe tashar hasumiya ga kowa. Sababbin rediyoyi suna katse kansu bayan kimanin rabin minti, kuma wannan kaɗai dalili ne na barin tsofaffi.

Abu biyu aka fi mantawa a jirgin da aka shigo da shi. Tiransifonda ta zamani tana ɗauke da lambar shaida ta musamman da ke bin rajistar jirgi. Idan jirgi ya bar rajistar Amurka ya koma 5N ta Najeriya ko 5U ta Nijar, dole a sauya ta. Haka ma ELT. Tun 1 ga Fabrairun 2009 taurarin ceto na tsarin Cospas-Sarsat suka daina sauraren 121.5, suka koma megahaz 406 kawai. Na'urar 406 tana aika lambar da ke nuna ƙasa da jirgi. Idan ba a sauya lambar ba, ba a kuma yi mata sabuwar rajista ba, ranar da aka yi haɗari masu ceto za su ɓata lokaci suna neman tsohon mai jirgin a wata nahiya.

Idan kuɗi bai kai ba

Ba kowa ke iya sayen komai a lokaci guda ba, musamman da yake da dala ake saye. Kuɗin aiki da wayoyi da eriya da kwanakin da jirgi zai yi a ajiye sukan kai wani babban kaso na kuɗin na'urar kanta, kuma kasafin da bai haɗa da su ba zai tsaya a rabi. Hanya mafi hikima ita ce a fara da rediyon magana guda mai inganci tare da sabuwar eriya da sabon kebul, da tiransifonda, da ELT mai rajista. Sannan abin neman hanya gwargwadon aikin jirgin, sai rediyo na biyu. Tunda an riga an buɗe gaban jirgin, ya fi sauƙi a ja wayoyin abin da za a ƙara nan gaba a lokaci guda.

Ƙaramin rediyon hannu mai batirinsa, irin na kamfanin Icom, ba ya maye gurbin na jikin jirgi, amma idan wutar jirgi ta ɗauke shi kaɗai zai rage. Idan aka tanadar masa mahaɗi zuwa eriyar waje, nisansa yana ƙaruwa sosai.

Idan duk suka yi shiru, akwai tanadin ƙarshe. Matuƙi zai sa lamba 7600 a tiransifonda, hasumiya ta gane ba ya ji, ta yi masa magana da fitila: kore mai ɗorewa izinin sauka ne, ja mai ɗorewa kuma umarni ne ya ba wani hanya ya ci gaba da kewayawa. Amma fitila sai ana ganinta take amfani, kuma ranar da hazo ya rufe gari ba a ganinta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayoyin da za su sauko da jirgin lafiya a irin wannan rana, a ofishin mai saye da rumfar injiniya ake amsa su, watanni kafin hunturu ya shigo.